Na Je Ingila, Na Komo da Labarin Kwaɗo

Sa'ad da na komo daga Ingila, 'yan'uwa suka yi ta zuwa yi mini barka da hanya. Kowa da tambayarsa. Wani ya ce, "Ka ga fadar Sarki?" Wani ya ce, "Ka shiga jirgin nan mai tafiya a ƙarƙashin ƙasa?" Na ce na gani, na kuwa shiga. Amma da wani dattijon ikkilisiyarmu ya tambaye ni abin da ya fi tsaya mini a rai, sai na ce masa, "Kwaɗo." Ya dube ni ya ce, "Wanne? Na ƙofa, ko na zogale?" Na ce, "Ba ko ɗaya. Na ruwa, mai ƙafa huɗu." Aka bushe da dariya. To, bari in ba ku labarin, ku ma ku auna ku gani ko abin dariya ne.

Birnin Wanka

A watan Maris na shekarar 2024 ne na tafi ganin 'yata, wadda take aikin jiyya a can, ita da mijinta da 'yarsu. Daga Abuja zuwa Landan jirgin sama ya yi awa shida da 'yan kai. Daga Landan muka shiga jirgin ƙasa muka yi yamma, kafin awa ɗaya da rabi mun sauka a birnin da suke zaune, wato Bath.

Ma'anar sunan garin nan wanka ne. Dalili kuwa, akwai maɓuɓɓugar ruwan zafi a tsakiyarsa. Zafin ruwan ya kai digiri 46, abin da ke ɓulɓulowa a yini ya fi lita miliyan ɗaya. Wanda ya taɓa wanka a Wikki ta Yankari ya san irin abin, sai dai na Wikki bai wuce digiri 31 ba. Romawa ne suka gina wurin wanka a kansa, tun zamanin da waɗansu manzannin Ubangiji suke da rai. Garin yana cikin kwari, tuddai sun kewaye shi, gidajensa kuwa na wani dutse ne mai launin zuma.

Sanyi fa, ba a magana. Na taɓa kwana a Jos a tsakiyar hunturu, na zaci na san sanyi. Ashe ban sani ba. Nasu da yayyafi yake zuwa, ya shiga har ƙashi. Na yi mako guda ba na leƙa waje sai ran Lahadi.

Ranar Lahadin nan, bayan an tashi daga sujada, jikata ta jawo ni wurin wata dattijuwa Baturiya mai koya musu a makarantar Lahadi. Jikan nan tawa shekararta takwas, ni kuwa amarya nake ce mata, kamar yadda muka gada. Ta ce, "Kaka, wannan ce mai tsallakar da kwaɗi hanya. Ta ce in ka yarda mu je mu gani." Na zaci Hausar ce ta kuɓuce mata, gama a can aka haife ta. Na sa ta maimaita. Ta maimaita. Ubanta ya ce, "Baba, daidai ta faɗa." Na ce, "To, amarya, tun da ke ce kika roƙa, ai ango ba ya ƙi."

Hanyar da Ake Rufewa

Arewa da birnin, ba nisa, akwai wani ɗan ƙauye a gefen kwari, ana ce da shi Charlcombe. Akwai wata 'yar tsohuwar majami'a a wurin, wadda ta fi shekara 800 ana sujada a ciki. Wata 'yar siririyar hanyar mota ta bi ta gefen tudun. Bisa hanyar itatuwa ne da ciyayi. Ƙasa da ita, can gindin kwarin, akwai tafki.

Ga yadda abin yake. Da sanyi ya kama, kwaɗin ƙasar sukan ɓuya a ƙarƙashin duwatsu da busasshen ganye, su yi ta barci wata da watanni, kamar yadda namu suke shiga laka da rani. Sanyi na fara sassautawa, wajen Fabrairu zuwa Maris, sai su farka su nufi ruwa domin su yi ƙwai. Ba kowane ruwa ba. Yawancinsu sukan koma tafkin da aka ƙyanƙyashe su, ko da zai kai mil guda ko fiye. Ba su san an yi hanyar mota a tsakani ba. Hanyar kakanninsu kawai suke bi. Da almuru suke tashi, daidai lokacin da ma'aikata suke komowa gida da motocinsu. Kun ga inda masifar take.

Saboda haka tun shekarar 2003 hukumar garin takan rufe wannan hanya mako shida kowace shekara, sai mazauna wurin kaɗai ke wucewa. Mutane kuma sukan fito da dare, ba wanda yake biyansu ko sisi, su tsince dabbobin nan su kai su ƙetare. Ba a nan kaɗai ake yi ba. Akwai wata ƙungiya mai suna Froglife da ke rubuta irin wuraren nan ko'ina a ƙasar, har akwai alamar hanya ta musamman, jan kusurwa uku da hoton kwaɗo a tsakiya. A wani wuri kusa da garin Henley ma, a 1987, rami aka haƙa musu a ƙarƙashin titi.

Daren da muka je ana yayyafi, sanyi kuma ya ɗan sauka. Dattijuwar ta ce irin daren da suke so ke nan, gama in ma'auni bai haura digiri 5 ba, ba su fitowa. Aka ba ni riga mai ƙyalli domin mota ta gan ni, da tocila, da bokiti, da safar hannu. Na ce a raina, yau ga ni, mai furfura, na ƙetare hamada da teku, na zo dakon kwaɗo.

Abin da Na Gani a Hasken Tocila

Ba mu yi taku ashirin ba jikata ta ce, "Kaka, tsaya! Za ka taka shi." Na haska. Ga shi nan a kan kwalta, mai ƙuraje a baya, kamar ɗan'uwansa da ke kwana a gindin randarmu. Ba tsalle yake yi ba. Tafiya yake, ƙafa bayan ƙafa, kamar tsoho mai zuwa gona.

Aka ce in ɗauka. Na tsaya. Mu dai mun tashi ana ce mana in ka taɓa kwaɗo hannunka zai yi ƙuraje. Na san ba gaskiya ba ne, amma abin da aka shuka maka tun kana yaro ba ya tumɓukuwa dare ɗaya. Dattijuwar ta lura. Ta ce ƙurajen ba su kama mutum. Akwai dai wani ruwa mai ɗaci da yake fitarwa daga kumburin da ke bayan idonsa, domin kada kare ko dila su cinye shi, shi ya sa ake wanke hannu kada a murza ido. Ta kuma ce safar nan ba domin ni kaɗai ba ce, har domin shi. Fatarsa tana shan abin da ta taɓa. Ta fata yake shan ruwa, ta nan kuma yake samun wani kashi na numfashinsa, saboda haka sabulu ko man shafawa na hannun mutum yana iya cutarsa.

Na sunkuya na ɗauka. Sanyi ƙalau, ba nauyi. Bai yi cizo ba, bai yi kome ba, sai ɗan ƙara "ƙuk, ƙuk". Na haska fuskarsa. 'Yan'uwa, shekara sittin da wani abu ina ganin kwaɗo, ban taɓa duban idonsa ba sai ran nan. Launin jan ƙarfe ne mai walƙiya, da baƙin tsaga a kwance. Maƙerin da zai iya wannan aiki, ai sai a ba shi sarauta.

Muka ci gaba. Mata sun fi maza girma, wata takan kai inci biyar, namiji kuwa inci uku. Sau da yawa sai ka ga mace tana tafe da namiji a goye, ya rungume ta tam, ita ke kai shi har bakin ruwa. Jikata ta ce, "Kaka, ka ga raggo!" Akwai kuma masu santsin jiki da dogayen ƙafafu, masu tsalle na gaske, waɗanda kama su sai da dabara. Turawa suna da suna dabam ga mai ƙuraje, da suna dabam ga mai santsi. Ƙwansu ma dabam yake. Mai santsi yakan zuba nasa dunƙule guda, mai ƙuraje kuwa yakan ja nasa kamar dogon zare mai duwatsun ado, ya naɗe a jikin ciyawar ruwa, ƙwai dubbai. Kowane da aka ɗauka sai a rubuta a littafi, irinsa, da mace ce ko namiji. In bokiti ya ɗan taru sai a kai gefen tafki a sake su cikin ciyawa.

Can gaba, inda wata mota ta wuce kafin mu iso, muka tarar da wata babbar mace an take ta. Ƙwan da ta ɗauko duk ya watse a kan kwalta. Dattijuwar ba ta ce kome ba. Ta kawar da gawar gefe, ta rubuta a littafinta. Jikata ta kama hannuna ta ce, "Kaka, a gida ku ma kuna tsallakar da su?"

Na rasa amsa. Abin da ya faɗo mini a rai shi ne kududdufin bayan gidanmu, da mu yara goma da duwatsu a hannu, muna gasar wa zai fi kashewa. Ba ci muke yi ba. Ba su yi mana kome ba. Muni kawai muka ga sun yi mana. Na ce mata, "Amarya, ba mu yi tukuna."

Wanda Na Ce Ƙadangare Ne

Kusa da mu tashi, yarinyar ta durƙusa a bakin hanya ta ce in zo in ga. Wani ɗan abu ne kamar tsinke, bai fi tsawon yatsana ba, da ƙafa huɗu da wutsiya. Na ce, "Wannan ai ɗan ƙadangare ne." Aka ce a'a. Sunansa niyut, shi kuwa dangin kwaɗo ne. Ba mu da suna gare shi da Hausa domin ba mu da shi. A duk Afirka ba a samunsa sai can arewa da hamada, a Maroko da Aljeriya da Tunisiya.

Aka nuna mini bambancin. Ƙadangare yana da ɓawo a jiki da ƙumba a yatsu, a tudu yake ƙwai. Wannan kuwa fatarsa laushi gare ta da danshi, ba ƙumba, yatsu huɗu a gaba, biyar a baya. A ruwa yake ƙwai, 'ya'yansa a ruwa suke girma kamar na kwaɗo, sai dai shi ba ya yar da wutsiyarsa in ya girma. Wani abin al'ajabi kuma, in ƙafarsa ta yanke, sabuwa takan tsiro da ƙashinta da yatsunta. Masana aikin likita suna ta bincike a kan wannan.

Da Afrilu ya kama, dattijuwar ta gayyace mu gidanta da dare. Ta haƙa wani ɗan ruwa a bayan gida, faɗinsa bai fi tabarma biyu ba. Muka kwanta rub da ciki a bakinsa muka haska. Ga su nan birjik. Namijin ya yi ado, tsoro ya fito masa tun daga wuya har wutsiya, cikinsa ja-ja da ɗigon baƙi. Yakan sha gaban macen, ya lanƙwasa wutsiya yana kaɗa ta da sauri, kamar saurayi a dandali. Ita kuwa macen, ƙwai ɗaya ɗaya take yi. Kowane ɗaya sai ta naɗe shi cikin ganye da ƙafafunta na baya, kamar mai ƙunsa goro. Haka za ta yi ta yi har ɗari biyu ko fiye.

Akwai wani babban irinsu, baƙi, mai kai inci shida. Doka ta tsare shi tun 1981. Ba a kama shi sai da takardar izini, mai son yin gini a inda yake kuwa sai ya bi ƙa'idar da aka kafa domin kāre shi.

Me Ya Sa Suke Wannan Wahala?

Na tambayi dattijuwar. Ta ce sa'ad da take yarinya kwaɗo ba abin nema ba ne, ko'ina yana nan. Amma aka cike tafkuna aka yi gidaje, hanyoyi suka yawaita, gonaki suka sha magani. Wani bincike da aka fitar a 2016, wanda aka yi da irin littattafan nan da masu bokiti suke rubutawa, ya nuna kwaɗo mai ƙuraje ya ragu da kashi 68 cikin 100 a ƙasar cikin shekara 30. Duk Birtaniya iri bakwai kaɗai gare su na asali, har da niyut iri uku. Ɗaya daga cikin bakwai ɗin ma ya ƙare ƙaƙaf kafin shekarar 2000, sai da suka je Suwidin suka roƙo iri, suka sake shi a yankin Norfolk a 2005.

Ba su kaɗai ba ne. A duniya akwai kwaɗi da danginsu fiye da iri 8,000. Ƙidayar da masana suka fitar a 2023 ta nuna kashi 41 cikin 100 suna bakin ƙarewa. Ban da ɓarnar wurin zamansu, akwai wata cutar fata da aka gano a 1998, wadda ta hallaka su da yawa a Amurka ta Tsakiya da Ostareliya.

Ta ce da ni, "Ku nawa gare ku?" Ban sani ba a lokacin. Da na bincika, ashe Nijeriya tana da fiye da iri 100. Maƙwabtanmu na Kamaru kuwa su ke da kwaɗon da ya fi kowane girma a duniya, wanda nauyinsa yakan wuce kilo uku. Masu bakwai suna tsaron nasu da tocila cikin ruwan sama. Mu masu ɗari ko sunayensu ba mu sani ba.

Na Komo Gida

Na sauka gida a ƙasar Zazzau a watan Mayu, shamuwa ta riga ta iso. Daren da aka yi ruwan shuka na fito tsakar gida na kasa kunne. Dā, in aka yi ruwa irin wannan, kukan kwaɗi ba ya barin mutum ya ji maganar na kusa da shi. Yanzu sai can nesa nake jiyo su. Kududdufin bayan gidanmu rabinsa ya zama shaguna, rabin ya zama juji, leda ta rufe fuskar ruwan.

Kashegari da dare na sa takalmin ruwa, na ɗauki tocila da sanda, na kira 'ya'yan ƙanena biyu muka gangara fadama. Tun a ƙofar gida muka ga na farko, mai ƙuraje, zaune a ƙarƙashin fitila yana lashe shinge ɗaya bayan ɗaya. Yaron ya sunkuya zai ɗauki dutse. Na ce, "Tsaya, ɗana. Ƙirga mini nawa zai ci." Da ya kai talatin sai ya yar da dutsen da kansa.

A fadama muka ga bududdugi, manya, idanunsu kaɗai a bisa ruwa. Muka ga waɗansu ƙanana kamar kan ɗan yatsa, manne a jikin ciyawa, maƙogwaronsu yana kumbura kamar balan-balan, kukansu kamar ana buga ƙaramin ƙarfe. Maza ne kawai ke wannan kira, kowane iri da muryarsa, domin mace ta gane nata. A dare ɗaya muka rarrabe murya biyar. Duk wannan yana bayan gidana tun ina yaro, amma sai da na je Ingila na koyi sunkuyawa in duba.

Kada in yi muku zaƙin baki. Kwaɗo ba zai raba mu da sauro ba, kowa ya ci gaba da kwana cikin gidan sauro. Amma yana cin ƙwari da tsutsa da fara a gonakinmu dare farai, ba ya karɓar lada. Shi kuma abincin zalɓe ne da kifi da sauransu. Tun da fatarsa tana shan abin da ke cikin ruwa, in ka ga tafki ya yi shiru, ka tambayi abin da aka zuba masa, gama ruwan nan dabbobinka suke sha. Ban kuma ce laifi ne a ci bududdugi ba. Abinci ne ga mutane da yawa, ana busar da su daga arewa da Nijar da Binin ana kai kasuwannin kudu buhu buhu. Amma in aka kwashe iyaye kafin su yi ƙwai, baɗi me za a kama?

Mu masu bi, in aka ce kwaɗo, sai mu tuna da annobar Masar a Littafin Fitowa sura 8. Amma kafin Fitowa akwai Farawa. A sura ta fari, Allah ya dubi dukan abin da ya yi, har da masu rarrafe, ya yaba. A sura ta biyu ya sa mutum a gona domin ya yi aikinta, ya kuma kiyaye ta. Aiki biyu ke nan. Na farkon mun riƙe shi da kyau. Na biyun fa? Ba a ba mu izini mu zaɓi kyawawa mu tsare, mu jefi munana ba. Yaron da ya saba jifan abin da ba shi da mai tsaya masa, wata rana ba a kan kwaɗo zai tsaya ba.

Ga Mai Son Gwadawa

Daminar bana, ku ɗauki yaranku ku fita dare ɗaya bayan ruwa. Kada yaro ya tafi shi kaɗai. Ku sa takalmi mai rufi, ku haska gabanku kafin ku taka, gama inda kwaɗo yake maciji ba ya nisa. Kada ku shiga cikin ruwan da ke kwance, saboda tsargiya. Ku tsaya shiru tukuna ku ƙirga muryoyi, sa'an nan ku bi ɗaya a hankali. In kun ɗauka, ku jiƙa hannu da ruwan wurin, ku mayar da shi inda kuka same shi, ku wanke hannu in kun koma gida. Manomi kuma, in ka gama feshi, kada ka wanke tankinka a tafki ko rafi.

Na rubuta wa jikata na gaya mata mun ga iri biyar, ba mu kashe ko ɗaya ba. Ta aiko da amsa cewa in ta zo hutu sai na kai ta fadama. Addu'ata ita ce, ranar da ta zo, ta tarar da masu kuka a wurin.